Tarihin Cali Caplin, Sarkin Ban Dariya na Sinima

Dattawanmu da suka ga zamanin majigi, a Sakkwato ko Kano, ba su rasa tuna wani ɗan guntun Bature mai ƙaramin gashin baki, da burgujejen wando, da manyan takalma, da 'yar sanda. Wannan shi ne Cali Caplin, wanda har yau mu kan kira mai barkwanci a fim da sunansa.

An haife shi a Landan ran 16 ga Afrilu, 1889. Giya ta kashe ubansa a 1901, uwarsa kuwa ta sami taɓin hankali. Yana da shekara bakwai aka kai shi gidan gajiyayyu. A ganinmu, can ya koyo yadda matalauci ke riƙe mutuncinsa ko da rigarsa ta yage, abin da ya zama jarinsa duk rayuwarsa.

Ya shiga ƙungiyar wasa ta Fred Karno a 1908, ita ta kai shi Amurka. A 1914 ya fara fim a kamfanin Keystone, albashinsa dala 150 a mako. Kafin shekara uku kamfanin Mutual ya ba shi dala 670,000 a shekara. Da ya ke hotunan lokacin ba su magana, ba a bukatar tafinta: Bahaushe da Baturen Ingila wuri guda su ke fashewa da dariya. Ko da sauti ya shigo, ya daɗe yana ƙi, har City Lights na 1931 bai sa zance ciki ba.

A 1952 hukumar Amurka ta soke izninsa na komawa ƙasar, bisa zargin yana son Kwaminisanci. Ya zauna Suwizalan har ya mutu ran 25 ga Disamba, 1977.

To, amma aikinsa na farko ya sha wuya. Faifan fim na da yana da saurin kama wuta, in an ajiye kuma ya ruɓe. Finafinan Keystone ba mallakarsa ba ne, sai 'yan kasuwa suka yi ta yanyanka su suna sake musu suna. Shi ya sa masu tara tsofaffin finafinai ke bin kasuwannin gwanjo suna nema. Wani daga cikinsu ya tsinci A Thief Catcher na 1914 a Jihar Mishigan, aka nuna shi a 2010, ga Cali a ciki da kayan ɗan sanda. Her Friend the Bandit kuwa, na wannan shekarar, ya ɓace.