Amy Carmichael, Uwar Yara a Dohnavur

A wannan biki mun tuna da baiwar Allah Amy Carmichael, haifaffiyar ƙasar Ailan a 1867. Ta sauka Indiya a 1895, ba ta kuwa ƙara komawa gida ba. A 1901 wata yarinya, Preena, ta gudo daga haikalin gumaka, Amy ta karɓe ta. Daga nan yara suka yi ta ƙaruwa. Ta goye su, ta koya musu karatu da Maganar Allah. Mu da aka rena a makarantar mishan mun san nauyin wannan aiki. Suna ce da ita Amma, watau uwa. Ta faɗi a 1931, ta yi kusan shekara 20 a kwance, tana ta rubutu. Ta rasu a 1951 da shekara 83. Ta hana a kafa mata dutse, sai yaran suka sa kaskon wankan tsuntsaye bisa kabarinta.