Hendrick Goltzius: Mai ƙonannen hannun da ya gagari masu sassaƙa zane a Turai

An haifi Hendrick Goltzius a shekarar 1558 a wani ƙauye kusa da Venlo, a kan iyakar Jamus da Holan ta yau. Yana jariri ya faɗa cikin garwashi, hannunsa na dama ya ƙone, yatsunsa suka ƙanƙance har ƙarshen rayuwarsa. Da wannan hannun ne kuma ya yi suna.

Ya koyi sassaƙa zane a kan farantin jan ƙarfe a wurin malaminsa Coornhert, ya bi shi birnin Haarlem a 1577. Sana'a ce mai wuya: da ƙarfe mai tsini ake ƙwaƙule kowane layi, a shafa tawada, sannan a danna takarda a fitar da kwafi masu yawa. Gwanintarsa ita ce jan layi ya faro siriri, ya kumbura, ya sake sirancewa, har tsokar jiki ta fito tamkar za a taɓa ta.

A 1582 ya fara buga ayyukansa da kansa. Abokinsa Karel van Mander ya nuna masa zane-zanen Spranger, mai zanen fadar Sarki Rudolf na Biyu a Prague. Daga nan ya rungumi salon Manarizim, wanda ke miƙar da gaɓoɓi da murɗa jiki fiye da ƙima. Da shi ya fassara tatsuniyoyin Girkawa da Rumawa: Bikin Cupid da Psyche a 1587, sai mutum huɗu da girman kai ya kayar a 1588, cikinsu har da Icarus da Phaeton.

A 1590 ya tafi Italiya, ya ɓoye sunansa domin ya yi nazarin tsofaffin gumakan birnin Rum cikin natsuwa. Bayan dawowarsa salonsa ya lafa. Ya kuma sassaƙa wani zane bisa tsarin Dürer, har masana suka ɗauka na Dürer ɗin ne.

Wajen 1600, yana tsakiyar tashe, ya ajiye ƙarfen sassaƙa ya koma zanen fenti, ya bar wa agolansa Jacob Matham ragamar ɗab'in. Ya rasu a Haarlem ranar 1 ga Janairu, 1617. Zanen da ya yi wa hannun nasa a 1588 yana nan a gidan tarihi na Teylers da ke birnin.