Savonarola, Mai-wa'azin Birnin Filorens

A ƙasar Italiya, shekara ɗari biyar da suka wuce, da wuya ka sami mutum wanda ba a yi masa baftisma tun yana jariri ba. Sarki da talaka, attajiri da ɓarawo, duka sunansu Kirista, duka 'yan ekklesiyar Roma Katolika ne. Cikin wannan jama'a aka haifi Girolamo Savonarola a garin Ferara, a shekara ta 1452. Kakansa likita ne a fadar sarkin garin, iyayensa kuwa suka so ya gāji wannan aiki. Amma da ya ga yadda masu-baftisma su ke zaman caca da fasikanci da zaluntar matalauta, zuciyarsa ta ɓaci ƙwarai. A 1475 ya bar gida ba sallama, ya tafi Bolonya, ya shiga ƙungiyar masu-zuhudu ta Dominik, watau mutanen da ba su aure, ba su tara dukiya, aikinsu karatu da wa'azi.

A 1482 aka aike shi birnin Filorens, garin arziki da ilimi. Wa'azinsa na fari bai ci ba, gama muryarsa da kaushi, harshensa kuma na baƙo ne, mutane kaɗan ke zuwa ji. Masu-bishara matasa, kada ku karai in haka ya same ku. Ya bar garin, ya komo a 1490, sai ga shi kamar wani mutum dabam. Babbar majami'ar birni ta riƙa cika maƙil. Ya buɗe Littafi Mai-tsarki ya tsauta wa attajirai, bai kuwa ƙyale firistoci ba. Abin da ya ke nema shi ne, wanda ya ke amsa sunan Kristi ya tuba, ya yi zaman tsarki. A 1494 sarkin Faransa ya shigo Italiya da yaƙi, mutanen Filorens suka kori gidan Medici masu-mulkinsu, suka ɗauki Savonarola annabi, domin ya rigaya ya faɗa musu hukunci yana zuwa.

Ran 7 ga Fabrairu 1497 aka tara madubai, da kayan kwalliya, da karta, da zane-zane, da littattafan batsa, waɗanda yara samari suka bi gida gida suka karɓo. Aka cinna musu wuta a dandalin birni, ana waƙoƙin yabo. A ganina, 'yan'uwa, nan ya yi kuskure. Wuta ta iya cinye karta, amma ba ta kai ga kwaɗayin da ke cikin zuciyar ɗan caca ba. Waɗansu sun tuba da gaske, da yawa kuwa tsoron yaran nan da kunyar maƙwabta suka sa su. Ya kuma haɗa wa'azi da sha'anin mulki, ya dogara ga wahayin da ya ce yana gani.

Paparoma na lokacin, Iskandari na 6, mutum ne wanda shi kansa yana da 'ya'ya ba aure, kowa ya sani. Ya hana Savonarola wa'azi, a 1497 kuma ya fitar da shi daga ekklesiya. A Afrilu 1498 aka shirya gwaji, wai abokinsa Domeniko da wani daga cikin magabtansa su ratsa wuta, a ga mai-gaskiya. Aka wuni ana gardama, ruwa ya sauko, ba a yi ba. Jama'a suka fusata. Kashegari suka faɗa wa gidan zuhudu, aka kama shi.

Aka ɗaure hannuwansa ta baya, aka riƙa jansa sama da igiya ana sakinsa. Saboda azaba ya ce shi ba annabi ba ne, daga baya ya janye maganar, da aka sāke azabtar da shi ya sāke faɗi. Abin nan ya dame shi ƙwarai. Cikin kurkuku ya rubuta bayani a kan Zabura ta 51, addu'ar tuban Dauda. Wanda ya yi shekaru yana nuna wa birni zunubinsa, yanzu nasa ya ke kawowa, ba ya roƙon kome sai jinƙan Allah ta wurin Kristi. Martin Luther ya ƙaunaci ɗan littafin nan, ya sa aka buga shi a Jamus a 1523. Savonarola ya soma na Zabura ta 31, bai gama ba.

Ran 23 ga Mayu 1498 aka rataye shi tare da Domeniko da Silbestro, a dandalin nan inda aka ƙone madubai. Aka ƙone gawarsu, aka zuba tokar cikin kogin Arno domin kada masu-binsa su ɗiba. Shekarunsa 45.