Mamman Shata: Mawaƙin da ya sa direba da sarki a faifai ɗaya

An haifi Alhaji Mamman Shata a Musawa ta ƙasar Katsina a shekarar 1923, a gidan da babu mai kiɗa. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, Bafillatani ne, kuma bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba, domin a wancan zamani ana kallon waƙa a matsayin roƙo, roƙo kuwa ba aikin ɗan gidan mutunci ba ne. Yaron ya fara da tallar goro, daga baya alewa. Sai dai da waƙa yake tallar, har ta kai mutane sun fi zuwa jin muryar fiye da sayen kayan.

Daga dandalin ƙauyukan Musawa ya koma Bakori, inda Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa da ke aikin sayen auduga da gyaɗa na En'e, ya riƙe shi. Sunansa ya fara cika Kano a 1952, a Bikin 'Yan Sarki. A 1960 ya tare a Funtuwa, garin auduga da manyan motoci, ya yi kusan shekara 40 a can.

Manyan mawaƙan zamaninsa da yawa suna da ubangida guda. Ibrahim Narambaɗa na fadar Isa ne, Sarkin Taushi na fadar Katsina. Shata bai ɗaure kansa a ƙofar fada ɗaya ba. Ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar waƙa, ya yi wa Sarkin Kano Ado Bayero, amma da kalangun nan dai ya wasa direbobi da 'yan kasuwa da dogarai da matan da suka yi masa alheri. Mutumin da ba ya da sarauta, ba ya da gadon arziki, sai a wayi gari ana jin sunansa da na garinsu a Rediyon Kaduna. A nan soyayyar jama'a gare shi ta samo tushe. Direban da ya ji an wasa wani direba, shi ma jin kansa yake yi a cikin waƙar. Wanda aka ambaci ƙauyensu ko sau ɗaya ne, ya riƙe wannan kaset ɗin har tsufa.

Yadda yake gina waƙar ma ya taimaka. Amshi ne gajere, 'yan amshi su yi ta maimaita shi, kalangai na tafe a ƙasa, shi kuma ya riƙa ɗora magana a kai yadda ta zo masa. Ba ya zama ya tsara baiti a takarda, kuma da wuya ya rera waƙa ɗaya sau biyu iri ɗaya. Shi ya sa har yau masoyansa ke gardama a kan wace Bakandamiya ta fi, domin waƙar da ya wasa kansa da ita ba ɗauka ɗaya ba ce, kowa da wadda kunnensa ya fara ji. Amshin kuwa ko yaro ya ji sau biyu ya kama. Wanda bai iya waƙa ba ma yana da abin da zai rera a gona ko a kan keke.

Babu abin da ya ɗauka ya fi ƙarfin waƙa. Ya yi wa sojoji lokacin yaƙin basasa, ya yi wa noma, ya yi begen Annabi (SAW). Da Amurkawa suka sauka a wata a 1969, kumbon Apollo 11 ma bai tsira ba. Sannan akwai waƙarsa ta giya, wadda malamai suka yi tir da ita, da zambo mai zafi ga waɗanda suka saɓa da shi. Masoyansa ba su cika musun wannan ba. Wasu ma don haka suke son sa: mutum ne da bai iya ɓoye halinsa ba, kuma bai yi ƙoƙarin ɓoyewar ba.

A yankin Roni, wanda ke bakin iyakar Jihar Katsina, da Kazaure da Gwiwa da Babura, Shata bai taɓa zama baƙo ba. Garuruwan da yake ambato su ne waɗanda mutanen nan ke cin kasuwarsu, suke aure a cikinsu. Dattijon da ya saurare shi a akwatin rediyo, ɗansa ya saye shi a kaset a tasha, jikansa kuma yanzu yana ɗauke da shi a katin waya. Sau da yawa ba waƙar kaɗai ake nema ba. Wani mahaifinsa yake tunawa, wanda ke kunna ta bayan sallar isha'i. Wani kuma tafiyar cirani ta farko, a bayan babbar mota.

Ya taɓa siyasa. Ya yi kansila a Kankiya a shekarun 1970, ya kuma shugabanci jam'iyyar SDP a Funtuwa a jamhuriya ta uku, kujerar da bai daɗe a kanta ba. Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar MON, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988, shi da bai yi karatun boko ba. Waƙa ta kai shi ƙasashen Afirka ta Yamma da Ingila da Amurka. Adadin waƙoƙinsa kuwa, shi kansa bai riƙe ba. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa, Shata Ikon Allah.

Rashin lafiya ta kwantar da shi a ƙarshen rayuwarsa, aka yi jinyarsa a Kano da Jidda. Ya rasu ranar Juma'a 18 ga Yuni, 1999, a Kano. Ba Musawa aka kai shi ba, ba kuma Funtuwa ba. An binne shi a Daura, garin Sarki Muhammadu Bashar, ubangidan da ya fi shaƙuwa da shi.