Ibnun Nafis, Likitan da Ya Gano Hanyar Jini

Ɗalibai, ku ɗora yatsu biyu a kan wuyan hannunku. Abin da kuke ji yana harbawa shi ne bugun zuciya, wadda take tura jini zuwa ko'ina a cikin jiki. To, amma ta wace hanya jinin yake bi? Masana sun daɗe cikin kuskure a kan wannan tambaya, har sai da Ibnun Nafis ya zo.

Sunansa Ali, laƙabinsa Ala'uddin. An haife shi a wajejen shekarar 1213 a yankin Dimashƙa ta ƙasar Sham. A can ya koyi aikin likita a asibitin Nuri. Bayan haka ya ƙaura zuwa Alƙahira ta ƙasar Masar, inda ya shahara har ya zama shugaban likitoci. Ban da likitanci, malamin fiƙihu ne a mazhabar Shafi'iyya.

Ku sani cewa zuciya tana da ɓangare biyu, na dama da na hagu, kuma akwai bango a tsakaninsu. Wani babban likitan Girka mai suna Jalinus ya koyar da cewa bangon yana da 'yan ƙananan kafofi waɗanda ido ba ya gani, kuma ta nan ne jini yake tsallakawa daga dama zuwa hagu. Kimanin shekara dubu likitoci suna bin wannan magana. Har Ibnu Sina, duk da zurfin iliminsa, ya yarda da ita.

A shekarar 1242, Ibnun Nafis ya rubuta sharhi a kan littafin Ibnu Sina mai suna Alƙanun. A ciki ya bayyana cewa bangon nan mai kauri ne, ba shi da kafa ko ɗaya. Jini yana fita ne daga ɓangaren dama, ya bi jijiya zuwa huhu, ya gauraya da iska, sannan ya komo ɓangaren hagu. Ku lura fa, a lokacin bai cika shekara 30 ba, ga shi kuma manyan magabata ya saɓa wa. Ya girmama su, amma bai bar girmansu ya rufe masa ido ba.

Ya fara wani gagarumin littafi mai suna Asshamil, ya yi niyyar ya kai mujalladi 300, amma 80 ya kammala. Ya rasu a Alƙahira a shekarar 1288, ya bar wa asibitin Mansuri gidansa da littattafansa.

Hausawa sun ce gaskiya ɗaci gare ta, amma ba ta ɓata. Duniya ta manta da wannan bincike nasa na tsawon ƙarnoni. A shekarar 1628, wani likitan Ingila, Wiliyam Habi, ya bayyana yadda jini yake zagaya jiki duka. Sai a shekarar 1924 wani likita ɗan Masar, Muhyiddin Attatawi, ya yi nazarin rubutun Ibnun Nafis da ya samu a ɗakin karatu na birnin Balin a Jamus, ya tunatar da duniya wanda ya riga kowa.

Mene ne amfanin wannan ilimi a gare ku? A ce wani mutumin Fadikpe ya yi haɗari, an kai shi Babban Asibitin Minna don a yi masa tiyata. Likitoci za su riƙa auna bugun zuciyarsa da ƙarfin jininsa da numfashinsa a lokaci guda. Dalili shi ne, duk jinin da zai ciyar da jiki sai ya fara ratsa huhu. Idan huhu ya gaza, zuciya za ta wahala. Idan jini ya zuba da yawa, iska ba za ta isa ƙwaƙwalwa ba, rai kuwa yana iya salwanta cikin 'yan mintoci.

Tambayoyi
1. A ina aka haifi Ibnun Nafis, kuma a ina ya rasu?
2. Wane kuskure ne Jalinus ya yi?
3. Ku zana hanyar da jini yake bi daga dama zuwa hagu.
4. Ku sa waɗannan kalmomi cikin jimloli: magabata, sharhi, ƙaura, salwanta.