Gene Upshaw: Ɗan Wasan Da Aka Matsar Daga Gefe Zuwa Ciki, Ya Ƙare Da Sauya Farashin Kowa

A shekarar 1967 ƙungiyar Oakland Raiders ta jihar Kalifoniya ta ɗauki wani matashi ɗan shekara 21 mai suna Gene Upshaw, kuma abu na farko da masu horarwa suka yi shi ne sauya masa wurin tsayuwa. Tazarar ba ta wuce taku biyu ba. A ƙwallon Amurka, wadda ta fi kama da zari-ruga, taku biyun nan sun isa su gina sunan mutum ko su binne shi.

Sai an fahimci jerin kafin a gane nauyin abin. Kowane ɓangare na da 'yan wasa 11. A ɓangaren masu kai hari, biyar daga cikinsu kan jeru kafaɗa da kafaɗa su zama bango. Na tsakiya shi ke miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa ga madugun wasa, wato kwatabak. Biyun da ke damansa da hagunsa su ne gad, masu tsaron ciki. Biyun da ke ƙarshen bangon kuwa su ne takil, masu tsaron gefe. Ba a tsammanin ɗayansu ya ci maki, kuma sau da yawa 'yan kallo ba sa jin sunan ɗan bango sai ya yi laifi.

Daga nesa aikin iri ɗaya ne, amma a kusa ba haka ba ne. Mai tsaron gefe a fili yake, babu kowa a ɗaya kafaɗarsa, yana ja da baya yana tarar mai gudu da ke neman zagaye shi. Dogon hannu yake buƙata, da ƙafa mai sauƙi, da haƙurin jiran abokin karawa ya fara nuna inda ya nufa. Na hagu ya fi kowa ɗaukar alhaki, domin madugun da ke jifa da hannun dama bayansa yake juya wa wannan ɓangaren. Mai tsaron ciki kuwa kokawa yake yi a ƙuntataccen wuri da mafi nauyin mutanen da ke filin, kuma kafin ƙiftawar ido an riga an yi karo. Wani lokaci kuma a umarce shi ya fice daga jeri, ya ruga ta bayan 'yan uwansa, ya share wa mai ɗauke da ƙwallo hanya. Wanda ya saba da jira a gefe, idan ya kawo wannan jiran ciki, tuni an kai shi ƙasa.

An haifi Eugene Thurman Upshaw ranar 15 ga Agusta, 1945, a Robstown, ƙaramin garin manoma auduga a kudancin jihar Teksas, lokacin da doka ta raba baƙar fata da farar fata a makarantu da wuraren zaman jama'a. Yana yaro ya yi ƙwadagon tsintar auduga. Duk wanda ya taɓa wuni a sunkuye a gonar auduga a 'Yankuzo ko wani ƙauyen Tsafe, sannan ya tsaya yana kallon wani na ɗora ta a sikeli yana yanka mata farashi, ya san makarantar da wannan yaro ya fara shiga. Daga nan ya tafi kwalejin Texas A&I da ke Kingsville, wadda ba ta cikin manyan makarantun wasanni, inda ya buga tsakiyar bango, ya buga gefe, ya kuma buga can ƙarshen jeri.

Dalilin matsar da shi ciki suna ne da shi: Buck Buchanan. Wannan ƙato na ƙungiyar Kansas City Chiefs ya ɗara mita biyu a tsayi, kuma a tsakiyar jerin masu tsaron gida yake tsayawa, daidai inda gad yake. Sau biyu Raiders ke haɗuwa da shi kowace shekara. Akwai kuma Ernie Ladd, wanda ya fi shi tsayi ma. A al'adar lokacin gajeru masu kauri ake sakawa a ciki, dogaye a kai su gefe. Al Davis, wanda ke riƙe da ragamar Raiders, ya ga cewa karen bana shi ke maganin zomon bana, sai ya ɗauko mai tsayin mita 1.96 da nauyin kilo kusan 116, mai siffar ɗan gefe, ya dasa shi a hagun ciki. Abin dariya, ƙaninsa Marvin Upshaw ya zo ya buga wa Chiefs ɗin daga 1970, a jeri ɗaya da Buchanan.

Ba shi ne farkon wanda aka yi wa irin wannan sauyi ba. Jim Parker na Baltimore Colts ya yi suna a gefen hagu tun 1957 yana kare bayan Johnny Unitas, aka mayar da shi ciki a 1962, ya ci gaba da zama gwani a nan ma. Bambancin shi ne Upshaw bai sake komawa gefe ba. Ya yi kaka 15 a wuri guda, ya fara wasa 207 a jere ba tare da fashi ba. Daga 1970 Art Shell ya kama gefen hagu kusa da shi, su biyun suka zama hanyar da Raiders ke bi duk lokacin da tura ta kai bango. Saboda gudunsa idan ya fice share hanya aka yi masa laƙabi da Babbar Hanya ta 63, lambar rigarsa ke nan. Abokan wasansa kuma Gwamna suke ce masa, don bakinsa da son siyasarsa.

Ya buga wasan ƙarshe na Super Bowl sau uku: sun sha kashi a hannun Green Bay a Janairun 1968, suka doke Minnesota 32 da 14 a Janairun 1977, suka doke Philadelphia 27 da 10 a Janairun 1981. Wanda ya kara da shi a wasan 1977, Alan Page, daga baya ya zama alƙalin kotun ƙolin jihar Minnesota. A 1987 aka shigar da Upshaw zauren gwarzayen wasan da ke Canton, shi ne na farko da ya shiga bayan ya yi dukan rayuwar wasansa a matsayin gad.

Sauyin wuri na biyu shi ya yi wa kansa. A 1983 ya zama babban daraktan ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa, NFLPA, bayan ya kasance cikin jagororin yajin aikin kwana 57 na 1982. A wancan lokaci ɗan wasa ba shi da ikon zaɓar inda zai yi aiki ko da kwantiraginsa ya ƙare, domin ƙa'idojin diyya sun sa babu ƙungiyar da za ta kuskura ta taya shi. A 1987 Upshaw ya kira yajin aiki a kan wannan. Masu ƙungiyoyi suka kwaso 'yan wasan haya suka ci gaba da gasa, gidajen talabijin suka ci gaba da nunawa, manyan taurari irin su Joe Montana da Lawrence Taylor suka koma bakin aiki. Bayan kwana 24 aka janye, hannu rabbana.

A nan ne ya yi abin da ya kamata masu bin harkar ƙwadago a Najeriya su tsaya su duba. A 1989 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa muddin akwai ƙungiyar ƙwadago da ke wakiltarsu, 'yan wasa ba za su iya ƙarar masu ƙungiyoyi a ƙarƙashin dokar hana babakere ba. Sai Upshaw ya sa ƙungiyar ta ajiye matsayinta na mai ciniki a madadin ma'aikata, don kowane ɗan wasa ya samu damar zuwa kotu da ƙafarsa. Shugaba ne ya rushe kujerar da yake zaune a kai. A Satumban 1992 masu taya alƙali yanke hukunci a Minneapolis suka ba Freeman McNeil da abokan ƙararsa gaskiya. A 1993 aka yi sulhu: 'yan wasa suka samu 'yancin sauya sheƙa, masu ƙungiyoyi suka samu iyakar abin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi. Iyakar ta fara da dala miliyan 34.6 a 1994, ta kai dala miliyan 116 a 2008.

Kasuwar da ya buɗe kuwa, da ta tashi yanka farashi, gefe ta fifita a kan ciki. Tun a 1993 Indianapolis ta ba Will Wolford, mai tsaron gefen hagu, dala miliyan 7.65 na shekara uku, kuɗin da ba a taɓa ba ɗan bango ba. Daga nan matsar da mutum ciki ya zama batun aljihu. Masu farautar 'yan wasa suka shiga auna tsawon hannu da tef, wanda nasa ya gaza a ce masa ya koma gad. Wasu sauyin ya karɓe su, kamar Zack Martin da ya buga gefe a jami'ar Notre Dame, Dallas ta mayar da shi ciki a 2014. Wasu kuwa kallon faɗuwa aka yi musu. Raiders ɗin nan ta ɗauki Robert Gallery na biyu a zaɓen 2004 don ya tsare gefe, abin bai yiwu ba, a 2007 ta matsar da shi hagun ciki. Wurin da aka kai Upshaw don girmansa, nan aka kai Gallery don a rage asara.

Akwai tabo a tarihinsa, kuma ba ƙarami ba ne. Tsofaffin 'yan wasa, waɗanda suka yi ritaya kafin kuɗi su shigo, sun zarge shi da barin su da fansho maras tsoka da wahalar samun kuɗin naƙasa. Cikin masu zafin suka har da Joe DeLamielleure, shi ma gad ne da ke zauren gwarzaye. Amsar Upshaw ita ce masu bugawa yanzu su suka ɗauke shi aiki, su ke biyansa. A ƙa'ida yana da hujja, kuma fansho ya ƙaru a zamaninsa. Amma amsar ta yi kaushi daga bakin mutumin da ya fi kowa sanin abin da karon kai da kai ke yi wa ɗan bango. A 2002 Mike Webster, tsohon ɗan tsakiyar bangon Pittsburgh, ya mutu yana da shekara 50 bayan ya sha fama da ruɗewar tunani. Likitan da ya binciki ƙwaƙwalwarsa, Dakta Bennet Omalu, ɗan asalin jihar Anambra, ya wallafa a 2005 cewa ya ga lalacewar da yawan bugun kai ke haddasawa. Ƙungiyar da Upshaw ke jagoranta ba ta yi saurin ɗaukar wannan yaƙi ba, har sai da majalisar dokokin Amurka ta zauna sauraron koken tsofaffin a 2007.

A watan Mayun 2008 masu ƙungiyoyi suka kaɗa ƙuri'ar yanke wa'adin yarjejeniyar 2006, wadda ta ba 'yan wasa kusan kashi 60 cikin ɗari na kuɗin shiga, suna kukan sun ba da fiye da kima. Upshaw na shirin sabon zagaye ne aka gano yana da ciwon daji, kwana uku kacal kafin rasuwarsa a yankin tafkin Tahoe ranar 20 ga Agusta, 2008. Shekarunsa 63, daidai da lambar rigarsa, kuma ita 'yan wasa suka liƙa a ƙirji tare da haruffan sunansa a makon buɗe gasar shekarar. DeMaurice Smith ya gaje shi a 2009. Da tattaunawa ta watse a Maris ɗin 2011, ƙungiyar ta sake ajiye matsayinta, 'yan wasa suka sake nufar kotun Minnesota.