Edwin Land: Ɗalibin da ya bar jami'a ya ƙirƙiro ledar da ke cikin fuskar waya

A cikin fuskar mafi yawan wayoyi da talabijin akwai wata siririyar leda mai tace haske. Idan babu ita a fuska irin ta LCD, ba za a ga rubutu ko hoto ba. Asalinta aikin wani Ba'amurke ne mai suna Edwin Land.

An haife shi ranar 7 ga Mayun 1909 a Bridgeport da ke jihar Connecticut. Ya shiga Jami'ar Harvard, amma bayan shekara guda ya ajiye karatu ya koma birnin New York, inda yake wuni a ɗakin karatu, da dare kuma ya saci jiki ya shiga ɗakin gwaji na Jami'ar Columbia.

Haske yana kaɗawa ta kowane ɓangare, shi kuwa Land yana neman abu mai araha da zai bar na ɓangare ɗaya kawai ya wuce. Tun 1852 aka san wasu ƙwayoyin haɗin kwinin da aidin suna yin haka, amma manyansu na saurin farfashewa. Sai ya ɗauki ƙanana ƙwarai, ya jera su sahu ɗaya a cikin leda. Ya nemi rajistar wannan fasaha a 1929, ya kafa kamfanin Polaroid a 1937.

A 1938 ya fito da wadda ta fi inganci: a ja ledar PVA har zarurrukanta su miƙe, sannan a rina ta da aidin. Irinta ake sa wa fuskar LCD da tabarau masu kashe ƙyalli har yau.

Babban burinsa shi ne a sa ta a fitilu da gilasan motoci don kada hasken motar da ke tahowa ya kashe wa direba ido da dare. Kamfanonin motoci ba su karɓa ba.

Kyamararsa mai fitar da hoto nan take, wadda ta shiga kasuwa a 1948, ita ta sa ya yi suna. Amma na'urar fim ta Polavision ta 1977 ta jawo asara mai yawa, kuma ya bar kamfanin a 1982.

Ya rasu ranar 1 ga Maris 1991, da rajistar ƙirƙira 535 da sunansa.